Na'urar auna ruwan jikin masu wankin ƙoda: wacce za a saya?

Kowace cibiyar wankin ƙoda tana fama da tambaya ɗaya: lita nawa za a cire wa majinyaci yau? In aka cire da yawa, jini ya faɗi, jijiyoyin ƙafa su ɗaure, har mutum ya suma a kan kujera. In aka bar saura, ya koma gida da kumburi da hawan jini, ruwa ya taru a huhu, zuciya ta yi ta wahala. Sikeli da danna ƙafa da yatsa suna taimakawa, sai dai majinyacin da ya rame zai iya ɗauke da lita biyu ko uku ba a gani ba, domin ruwa ya maye gurbin naman da ya zube.

Na'urar da ake magana a kai tana tura ɗan ƙaramin lantarki, wanda ba a ma jin sa, daga hannu zuwa ƙafa, ta auna yadda jiki ke tare shi. Lantarki mai ƙaramin zango (wato saurin kaɗawarsa, wanda ake aunawa da kilohaz) yana bi ta ruwan da ke kewaye da ƙwayoyin halitta ne kawai, mai babban zango kuma yana ratsa su. Daga wannan bambanci ake gane ruwan da ya yi kwance a waje, wanda shi ne wanki ke son cirewa.

Mafi araha su ne masu zango guda, kilohaz 50, irin Akern BIA 101 na Italiya. Suna da ƙarko, amma ba za su gaya maka "cire lita kaza" ba. Sai an ɗora sakamakon a kan zane an fassara. In babu likitan da ya ƙware a wannan, za ta ƙare a cikin durowa.

Sai masu zango da yawa, kamar InBody S10 na Koriya ta Kudu, mai zango shida daga kilohaz 1 zuwa 1000. Tana auna hannuwa da ƙafafu da gangar jiki daban-daban, ta ba da kason ruwan waje cikin jimillar ruwan jiki, wanda a lafiyayye yake tsakanin 0.36 da 0.39. Amma tsufa da ramewa su ma suna ɗaga wannan kaso, don haka dattijo zai iya bayyana kamar mai ruwa alhali nama ne ya rasa.

BCM na kamfanin Fresenius na Jamus kuwa don masu ciwon ƙoda aka ƙera ta. Tana amfani da zango 50, daga kilohaz 5 zuwa 1000, cikin kamar minti biyu ta nuna rarar ruwa a lita kai tsaye. Tsakanin lita 1.1 sama ko ƙasa da sifili ana ɗauka daidai ne. Ni dai in kuɗin cibiya ya kai, ita zan zaɓa, saboda nas za ta karanta lambar ta fahimta ba tare da jiran kowa ba. Wannan na da muhimmanci a wajenmu, inda tsada ke sa da yawa yin wanki sau ɗaya ko biyu a mako maimakon uku, su zo a cike da ruwa.

Sikelin auna kitse na shagunan motsa jiki kuma, kada ma a fara.

Kafin a biya, a tambayi dillali farashin filastar da ake mannawa a fata don haɗa wayoyin na'urar da jiki, domin sau ɗaya ake amfani da ita, kuma ita ce ke cin kuɗi a hankali. A tambayi wa zai gyara na'urar in ta lalace, da awa nawa batirinta ke yi. A sani cewa ba a auna mai na'urar daidaita bugun zuciya, lissafi yana karkacewa ga wanda aka yanke wa ƙafa, kuma ana manna filastar ne a ɓangaren da ba shi da jijiyar da ake haɗawa da injin wanki.

Kada dillali ya ce maka za ta yi abin al'ajabi. Gwajin BISTRO da aka yi a Birtaniya, wanda aka wallafa a 2023, bai ga ta ƙara kare ɗan aikin da ya rage wa ƙoda ba a cibiyoyin da dama suke bin tsari mai kyau na duba ruwa. Cibiyar da ba ta da tsayayyen sikeli da rajistar nauyin kowane zama, gara ta fara sa kuɗinta a can tukuna.