Neman takardar saki a kotun gunduma a Texas: yadda ta kaya da ni

Ranar da na gaya wa Inna a waya cewa sati biyu ke nan ina fafutukar neman takardar sakina, sai da ta yi jim sannan ta ce, "Ke 'yar nan, takardar saki ba layi uku ba ce? A ce masa ya sake rubuto wata mana." Na yi dariya har da ƙwalla. A gida gaskiyarta ne, miji ya sami falle ɗaya ya rubuta, a miƙa wa waliyyi, mace ta shiga idda. Nan Amurka kuwa, in dai an yi wa auren rajista, ko liman ya shaida sakin a masallaci, a idon hukuma kina nan matar aure har sai alƙali ya sa hannu. Tawa takardar shafi 23 ce.

Aurena na farko ya mutu a 2014, a wata gunduma ta jihar Texas. Kwafin da aka ba ni na adana shi cikin kwali a ƙasan kabad, har zuwa sanyin nan na Fabrairun 2021 da ya farfasa bututan ruwa a faɗin jihar. Kwalin ya kwana cikin ruwa, takardun suka manne kamar ƙosan da ya ƙi tashi. Ban damu ba a lokacin. Sai da Allah ya kawo wani auren, aka ɗaura a Kano, na zo cike wa maigida fom ɗin I-130 na hukumar shige da fice don ya biyo ni, lauya ta ce dole a nuna shaidar cewa auren baya ya ƙare, kuma ranar ganawa a ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Legas za su so ganin na asali ko kwafin da kotu ta buga wa hatimi. Hoton waya ba ya yi.

Kuskurena na farko shi ne Google. Shafukan da suka fito a sama duk sun yi ado da tuta da ma'aunin shari'a, sai ka rantse na gwamnati ne. Na zaɓi ɗaya, na zuba suna, na biya dala 49. Abin da suka turo mini jerin gidajen da na taɓa zama ne da tsofaffin lambobin wayata, har da sunan wata mata da ban taɓa sani ba wai 'yar uwata ce. Babu takardar kotu ko ɗaya. Wata na zagayowa suka sake zarar kuɗi daga katina, sai da na kira banki aka toshe su. Haushin kaina na fi ji, don a ƙasan shafin, da ƙananan baƙaƙe, sun rubuta cewa su ba hukuma ba ne.

Abin da ya kamata in sani tun farko shi ne Amurka ba ta da wata ma'ajiya guda ta saki. Kotunan tarayya ba sa raba aure, aikin jihohi ne, takardar kuma tana zaune a gundumar da alƙali ya yanke hukuncin. Ba inda aka ɗaura auren ba, ba kuma inda kike zaune yanzu ba. Ƙasar na da gundumomi sama da 3,000, Texas kaɗai 254 gare ta. Akwai ofishin rajistar haihuwa da mutuwa na jiha a Austin, kuma yana ba da wasiƙar tabbatar da cewa an yi saki, daga 1968 zuwa yau. Saura ƙiris in nema, lauya ta tare ni. Wasiƙar sunaye da kwanan wata da gunduma kawai take ɗauke da su, ba ta maye gurbin hukuncin alƙali.

Wayar ofishin kotun ita ce inda suka fi ba ni haushi. Na'ura ce ke amsawa, danna ɗaya, danna huɗu, sai kiɗa. Sau uku ina kira a lokacin hutun cin abinci a wurin aiki, sau uku hutun yana ƙarewa ban ji muryar ɗan Adam ba. Na bar saƙo, har yau ba a kira ni ba. Daga ƙarshe na nemi hutun rana guda na kama hanya, tafiyar awa biyu da rabi.

Can ma sai da na yi ɓatan kai. A Texas akawu biyu ne a yawancin gundumomi. Wanda suke kira County Clerk shi ke riƙe da lasisin aure da takardun filaye, shi kuwa District Clerk a wurinsa fayil ɗin saki yake a galibin wurare. Ni da na ji an ce "akawun gunduma" sai na miƙe wurin na farko, na bi layi na minti ashirin, kafin wani saurayi ya nuna mini ginin da ke tsallaken titi. Ko allo ɗaya babu a bakin ƙofa da zai raba wa baƙo wannan gardama.

A ginin na biyu an bi da jakata ta na'ura, aka karɓe ɗan almakashin yankan farce da na manta da shi a ciki. Mayafina ba wanda ya ce uffan a kai. Na hau bene, na ciri lamba, na zauna. Wadda ta kira ni dattijuwa ce mai tabarau rataye da sarƙa a wuya, ga kwalbar alewa a gefen kwamfutarta. Ta tambayi lambar shari'a, na ce ruwa ya cinye. Ta ce ba komai, akwai kuɗin bincike dala biyar. Ta buga sunana, babu. Ta sake bugawa, babu. Gabana ya faɗi, na fara tunanin ko dai shekara tara ina zaune da igiyar wani a kaina ban sani ba, ga kuma sabon aure an riga an ɗaura. Ita ko a jikinta. Ta ce in rubuta mata sunan tsohon mijin da shekarar a takarda. Nan take fayil ɗin ya fito. Ashe a kotu an rubuta sunan mahaifina Mohammed, katin shaidata kuma Muhammad ne. Duk Bahaushen da zai je neman irin wannan, ya tafi da duk yadda aka taɓa rubuta sunansa, don kwamfuta ba ta san Muhammadu da Mamman mutum ɗaya ba ne.

Ta tambaye ni ko kwafi na kawai nake so ko mai hatimi. Nan ne mutane ke tafka asara, su karɓi mai araha su koma gida, sai an dawo musu da shi. Na ce mai hatimi, guda biyu. Dala ɗaya kowane shafi, dala biyar na hatimi, kowane kwafi ya tashi 28. Da kuɗin bincike, 61 na biya, ban da ɗan abin da suka ɗora saboda na yi amfani da kati. Ta buga, ta haɗa shafukan da ƙusar takarda, ta sa hannu, ta danna hatimin a shafin ƙarshe. Na shafa da babban yatsa na ji tudunsa. Ta ɗago tabarau ta ce kada in kuskura in cire ƙusar don yin hoto, in an ga alamar an ɓalle ta wasu ofisoshin na iya ƙin karɓa. Daga zamana a gabanta zuwa tashina bai kai minti 25 ba.

A mota na zauna na karanta, abin da ban yi niyya ba. Rabon ranakun da yaro zai kwana wurin uba, wa zai ɗauki tsohuwar motar, wa zai biya bashin asibiti. Yaron nan yanzu ya fi ni tsawo. Na daɗe ban tayar da motar ba.

Ba lallai sai an je da ƙafa ba. Dattijuwar ta ce ana iya aikowa ta gidan waya, da sunayen mutum biyun, shekara, lambar shari'a in akwai, takardar kuɗi ta gidan waya, da ambulan mai adireshinki da kan sarki. Da an ɗaga wayata da abin da zan yi ke nan. Dokar kuma ta bambanta daga jiha zuwa jiha. Ƙawata da ke Bronx ta ce a New York fayil ɗin saki a rufe yake har shekara 100, ma'auratan ko lauyoyinsu kaɗai ake ba wa. Kwafi na biyun kuma ba almubazzaranci ba ne, ana neman takardar wajen canza suna a katin Social Security, wato hukumar kuɗin tsufa ta Amurka, kuma wadda aurenta ya kai shekara 10 kafin a rabu, in ba ta da wani auren, tana iya neman kuɗin tsufa ta kan aikin tsohon mijin.

In maki goma ne, bakwai zan ba ofishin. Dattijuwar ita kaɗai ta ci goma, wayarsu da rashin allon kwatance suka zubar da uku. Kwafi ɗaya yanzu yana cikin jakar leda mai zif a saman kabad, nesa da kowane bututu. Ɗayan na aika Kano, na kuma kira maigida sau biyu ina jaddada masa maganar ƙusar nan, har ya ce, "Hajiya, na ji, ko hannu ba zan kai wurin ba."