Wata shida da Linux Mint a kan tsohuwar kwamfutata

Kwamfutar nan ThinkPad T440 ce, ƙirar 2013, na saye ta 'yar gwanjo a Beirut Road da ke Kano. Da Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, sai aka ce mini kwananta ya ƙare, tunda Windows 11 ba ya karɓar injin da ya tsufa haka. Har wani ɗan jari bola ya taya ta. Na dubi madannanta, ko harafi ɗaya bai mutu ba, na ce a'a.

Ƙanina ne ya ɗora mini Linux Mint 22, wata babbar manhaja da ke tafiyar da kwamfuta a maimakon Windows, samfurin Xfce mara nauyi, bayan ya cire tsohon hadis, wato ma'ajiyar bayanai, ya sa sabuwar ma'ajiya mai sauri da ake kira SSD. Kyauta ake sauke shi, kuma za a ci gaba da kula da shi har 2029. A da in na kunna ta, sai na dafa shayi na dawo tana nan tana nishi. Yanzu kafin in gyara zama ta buɗe. Fankar cikinta ma ta rage kuka, kuma ƙaramar solar da ke ɗakina tana riƙe ta har bayan isha'i.

Abin da ya fi burge ni ban ma zata ba: akwai tsarin madannai na Hausa a ciki. Ɓ, ɗ da ƙ suna fita ba sai na je kwafo su daga wani wuri ba. Duk mai rubutu da Hausa ya san wannan wahalar.

Ba a rasa cikas ba. Makon farko na yi ta lalube kamar baƙo a kasuwar Kurmi. Wata tsohuwar firinta da nake da ita ta ƙi magana da shi sam, sai da muka yini muna neman manhajarta. Mai shagon da dole sai da manhajar Windows yake aiki ya yi tunani kafin ya sauya.

Dalilin da ya sa na nace shi ne, akasarin hayaƙin da kwamfutar tafi-da-gidanka ke jawo wa duniya tun a masana'anta ake fitar da shi, wajen haƙo ma'adinai da ƙera sassanta. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 an zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu aka sarrafa yadda ya dace. Na sha wucewa ta inda yara ke ƙona wayoyi don ciro jan ƙarfe, warin kaɗai yana sa hawaye.

Batirinta na waje ya fara gajiya, amma irin wanda ake zarewa da hannu ne. Wata mai zuwa zan leƙa kasuwa in nemo wani.