Kwamfutar ThinkPad X280 ta hannu: ta dace da mai doguwar tafiya, in an duba ta da kyau kafin a biya

Nauyinta bai kai kilo 1.3 ba, fuskarta inci 12.5, tana shiga ƙaramar jakar baya ba tare da an ji ta a kafaɗa ba. Lenovo ya fitar da ita a 2018, yanzu kuma ta cika kasuwannin kwamfutocin hannu, daga titin Beirut a Kano har Computer Village a Ikeja. Bayan watanni ina yawo da ita a mota da jirgi, hukuncina shi ne ta isa mai rubutu, mai lissafi a Excel da mai taro ta Zoom. Mai haɗa bidiyo ko wasan kwamfuta ya nemi wata, za ta yi zafi ta riƙa ja.

Abin da ya sa na fifita ta a kan yayarta X270 shi ne injinta, Intel ƙarni na 8 a yawancinsu (akwai masu ƙarni na 7, a duba). Windows 11 na hawa kan ƙarni na 8 ba tare da dabara ba, saɓanin injin X270. Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, don haka arahar X270 araha ce mai ƙaya.

Abu biyu ne in ka yi kuskure a kansu a shago, ka riga ka yi. Na farko RAM, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita: manne take a jikin allon injin, ba a ƙara ta. Akwai mai 8GB, akwai mai 16GB. Mai 8GB na aiki, amma da ka buɗe shafuka goma sha biyar a Chrome tare da Zoom za ka ji ta fara nishi. Na biyu fuska. Wasu na da 1366x768, mai dishi-dishi, da ka karkata kai launi ya sauya. Nemi mai 1920x1080. Ana iya sauya fuskar, sai dai kuɗin da wahalar sun cinye arahar. SSD, wato ma'ajiyar fayiloli, kuwa ba abin damuwa ba ne, irin M.2 2280 ne, ana cirewa a sa babba.

Kafin ka miƙa kuɗi, kunna ta ka danna F1 ka shiga BIOS, wato shafin saitin injin da ke buɗewa kafin Windows. In ta nemi kalmar sirri, ajiye ta, ko mai shago ya rantse zai cire. Kalmar sirrin wannan jerin ba ta gogewa da cire ƙaramin batirin ciki. Sannan buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport. Takardar da za ta fito tana nuna asalin ƙarfin batir, 48Wh, da abin da ya rage. In ya gaza 35Wh, a rage maka kuɗin sabon batir. Wadda batirinta ke da lafiya tana kai ni awa biyar zuwa shida a rubutu da intanet, haske a rabi. Taron bidiyo na cinye kusan rabin wannan.

Ramukan USB-C biyu ne a hagu, gwada caji a kowanne. Lenovo da kansa ya sanar da cewa tsohuwar manhajar Thunderbolt, fasahar da ɗaya daga ramukan ke aiki da ita, a wannan jerin na iya lalata aikin ramin, ya kuma fitar da gyara. Ranar da ka saya, sa manhajar Lenovo Vantage ka sabunta komai kafin ka bar inda intanet ke da ƙarfi. A nan ne ma za ka iya tsayar da caji a kashi 80, abin da ke tsawaita rayuwar batir in tana yawan zama a jone.

Inda ta fi burge ni shi ne caja. Mutane na auna nauyin kwamfuta su manta da tubalin da ke bin ta. Wannan kam ƙaramar cajar USB-C mai 65W ta ishe ta, ita ce kuma za ta caja wayarka. Fawa banki ma na cajin ta, muddin yana fitar da 45W ko fiye ta USB-C. Na waya zalla ba zai yi ba. Mai 20,000mAh ya kama kusan 74Wh, ƙasa da iyakar 100Wh da jiragen sama ke yarda da ita, amma a jakar hannu ake riƙe shi, ba a auna shi cikin kaya. Soket kuma: Najeriya, Ghana da Saudiyya mai ƙafa uku ne irin na Ingila, Nijar, Chadi da Kamaru mai ƙafa biyu zagayayyu irin na Faransa. Adafta ɗaya ta raba gardama.

Aibunta ba su ɓuya ba. Kyamarar 720p ce, a ɗaki mai duhu fuskarka kamar hoton fasfo na da. Sifikunta ba su da amo. Ramin wayar intanet ƙarami ne, sai da adafta. Allon rubutun ya ɗan matse, duk da haka ya fi na yawancin sababbin kwamfutoci masu araha daɗin dannawa. Wanda inci 12.5 ya yi wa kaɗan, X1 Carbon ta 6 na da inci 14 a kusan nauyi ɗaya, sai dai ta fi tsada. MacBook Air M1 ta fi ta riƙe caji nesa ba kusa ba, ba ta da fanka balle ta sha ƙura, amma SSD ɗinta manne yake, in ta lalace a garin da ba ka san kowa ba sai dai haƙuri.

Ƙurar hunturu ce babbar abokiyar gabar X280. Fankarta ɗaya ce, ƙarama, in ta toshe za ka ji ƙara da zafi a gefen dama. Shiga BIOS ka kashe batirin ciki, kwance kusoshin ƙasa ka buɗe murfin, riƙe fankar da yatsa kada ta juya, ka share da busasshen burushi. Sau ɗaya a wata uku ya wadatar a lokacin sanyi.