Madubin hangen nesa 8x42: abin da ya nuna mini a Dadin Kowa

Duk mai son kallon tsuntsayen ruwa, in ya tambaye ni wane madubin hangen nesa zai saya, mai lamba 8x42 nake nuna masa. Takwas ɗin na nufin yana kusanto da abu sau takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita, inda haske ke shiga. Nawa a wani shago na saya a cikin garin Gombe, kuma a bakin madatsar Dadin Kowa na fi mora shi, can Yamaltu-Deba inda aka tare kogin Gongola.

Mai shagon ya so in ɗauki wani mai kusantowa sau ashirin. Na ce, "Alhaji, bari in leƙa tukuna." Ina ɗagawa hoton ya hau rawa, don hannun ɗan Adam ba ya tsayawa cik, kuma girman lamba na ƙara girman girgizar. Balle a cikin kwalekwale.

Da hunturu ruwa kan ja baya ya bar laka, a nan baƙin tsuntsaye daga Turai ke sauka, tun wajen Oktoba har Maris. Akwai wani ɗan ƙarami mai launin ƙasa da farin ciki, yana bin gaɓa yana kaɗa bindi ba hutawa. Da ido kawai ba ka raba shi da laka. Da madubin nan har farin da ya hau gefen kafaɗarsa na gani. Waɗanda suka fi tafiya da hankalina su ne fararen nan masu siririn fiffike da ke shawagi ƙasa-ƙasa, suna tsintar ƙwari daga fuskar ruwa. Danginsu da yawa a bakin teku suke rayuwa, amma waɗannan ruwan daɗi suke bi. Ba sa tsayawa wuri ɗaya, kuma a nan 8x42 ya biya ni: yana kama fili mai faɗi, tsuntsu bai kuɓuce maka in ya yi kwana. Na ga ɗigon baƙin da ke bayan idonsu sarai.

Na gida ma sun fito da kyau: kirinjijiya da farar fuskarta, zalɓe, da zakaran ƙeƙuwa mai jan ido. Wani masunci ya karɓa ya duba, ya daɗe bai miƙo mini ba.

Aibinsa biyu. Igiyar ratayawa siririya ce, tana cin wuya, sai da baduku ya ɗinka mini ta fata. Murafen gilashin kuma suna zamewa, ga ƙurar hunturu. A hure ƙurar kafin a goge da ƙyalle mai laushi, in ba haka ba yashi zai karce gilashin. Ranar da hazo ya yi kauri kuwa, a haƙura sai ya washe, don babu madubin da ke ratsa shi.