Tangaran a Iska ko Takarda a Mai

Wutar lantarkin madatsar ruwan Lagdo da ke zuwa Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, tana dogara da kariya iri biyu masu hana ta zurarewa: tangaran na kan turke, da takarda mai kauri da ke jiƙe cikin man taransifoma.

Tangaran yana hannun iska. Busasshiyar iska kan jure kusan volt 3,000 a kowace milimita, amma in matsinta ya ragu, tartsatsi ya fi saurin rarrafe a jikin tangaran ɗin. Ƙurar hunturu da raɓa kuwa sai su share masa hanya.

A cikin mai, tartsatsin kan bi 'yan ƙananan kumfa ne. Da an ƙara matsi, kumfar ta matse, rassan tartsatsin su gajarta. Ni dai na fi yarda da mai, muddin danshi bai shige shi ba.