Shekara guda da Protocol Buffers: ba ya ihu idan ka yi kuskure

Bara war haka muka ajiye JSON muka koma Protocol Buffers, wanda masu sana'ar ke kira protobuf; dukansu biyu hanyoyi ne na tsara bayanan da manhajoji ke aika wa juna. Aikin namu na ƙananan na'urori ne da ke auna sanyin ɗakunan ajiya, suna turo rahoto zuwa uwar garke kowane minti. Layin intanet ɗinsu siriri ne, JSON kuwa a kowane saƙo sai ya sake rubuta sunan kowane gurbi baƙi bayan baƙi. Protobuf lamba yake aikawa a maimakon suna. Za ka tsara fasalin saƙon a fayil ɗin .proto, ka ba kowane gurbi lambarsa, sai manhajar protoc ta haifar maka da kod na Python ko Java ko C++. Google ne suka ƙera shi don aikinsu, suka sake shi ga kowa a 2008, sigar proto3 da muke kai kuma ta fito a 2016. Wajen ƙanƙantar saƙo da sauri bai ba mu kunya ba ko sau ɗaya.

Inda na sha wuya, da hannuna na jawo wa kaina. Gurbi na 4 a saƙonmu ƙarfin batir yake ɗauka. Da muka daina buƙatarsa sai na goge layin, bayan 'yan makonni aka ce a ƙara awon laima, na duba na ga 4 babu mai ita, na ba ta. Komai ya bi lafiya a gwaji. Kwana biyu da ɗora sabon kod sai ga wani ɗaki yana nuna laima kashi 97, washegari 96, bayan kwana uku 94. Har an fara zancen tura mai gyara ya duba rufin. Na kwana ina bin lissafin laimar, ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Sai da na kwafo ɗanyen saƙon na zuba shi cikin protoc --decode_raw, umarnin da ke nuna lambar kowane gurbi da ƙimarsa ba tare da suna ba, ya nuno mini 4: 94 tsirara, sannan na gane. Tsofaffin na'urorin da ba a sabunta ba batirinsu suke ta faɗa, uwar garke na karɓa a matsayin laima. Duka biyun int32 ne, wato nau'in lamba iri ɗaya, don haka babu abin da zai yi ƙara. A wajen protobuf lambar ita ce gurbin, sunan mu kaɗai yake yi wa amfani. Maganin layi ɗaya ne, reserved 4, wanda ke sa protoc ya ƙi duk wanda ya sake taɓa lambar. Abin takaicin ma, lambobin sun kai 536,870,911, ban da 19000 zuwa 19999 da aka keɓe. Rowar me nake yi?

To, ina da ɗan uzuri. Lamba 1 zuwa 15 bayit ɗaya suke ci, daga 16 zuwa 2047 bayit biyu, shi ya sa mutum ke jin ƙyashin zubar da ƙaramar lamba. Bayit ɗaya dai bai kai kwanan zaune ba.

Na biyu shi ne batun sifili, wanda har yau nake ganin ya kamata a rubuta shi da jan alƙalami a shafin farko. A proto3, idan ƙimar gurbi sifili ce, ko rubutu ne fanko, ko false, ba a aika ta kwata-kwata, mai karɓa ne ke cike ta da kansa. Ga mai auna sanyi wannan masifa ce: ɗakin da ke kan digiri 0 daidai da na'urar da ma'auninta ya mutu ba ta turo komai ba, kamanninsu ɗaya. Tun siga ta 3.15 ana iya sa optional a gaban gurbin, sai ka samu damar tambaya ko an aiko shi ko ba a aiko ba. Yanzu duk gurbin da sifili ke da ma'ana a cikinsa haka nake yi masa.

Lambobin ƙasa da sifili ma sun ɗan ci mu. A int32, ko -1 bayit 10 take cinyewa, mu kuwa rabin awonmu ƙasa da sifili yake. Nau'in sint32 ne aka yi domin haka. Sai dai ba a sauya nau'in a kan tsohuwar lamba, domin tsarin rubuta su ya bambanta. Sabon gurbi muka buɗe.

Matsala ɗaya ce ta zo da hayaniya, ita ce kuma ta fi sauƙi. Ban ɗaure sigar laburaren protobuf na Python ba, ya tsallaka daga 3.20 zuwa 4.21, ya ƙi karɓar tsohon kod ɗin da aka haifa, ya kuma faɗa ƙarara cewa a sake haifar da shi da protoc 3.19 ko sama. Minti goma na gama. Da duk haka suke, da ban rubuta wannan ba.

Wanda ke da na'urori ko manhajoji da yawa masu magana da juna, waɗanda ba a sabunta su rana ɗaya, ina ba shi shawarar ya ɗauka, muddin akwai ido na biyu da ke duba kowane sauyi a fayil ɗin .proto kafin ya wuce. Fayilolin saiti da mutum zai buɗe ya gyara da hannu kuwa, na bar su a JSON, kuma ba ni da niyyar taɓa su.