Littafan gyaran Chevelle ɗina ta 1970: wanne ya biya kuɗinsa, wanne za ka iya jinkirtawa

Salam 'yan uwa. Tun ranar da na sa hoton motar nan mutane ke ta tambayata wai a ina na koyi gyaran tsohuwar motar Amurka, wasu ma cewa suke ai YouTube ya wadatar, to gaskiya ni dai littafi ne ya ɗauke ni, kuma shekara uku kenan ina tare da su a gareji har sun yi baƙi da mai, shi yasa nace bari in zauna in faɗi ra'ayina a kansu.

Motar Chevrolet Chevelle Malibu ce ta 1970, mai ƙofa biyu, a nan Mishigan na saye ta ba nisa da Ditroit. Ba SS bace, wato samfurinta mai ƙarfi da ake kira Super Sport, kar wani ya ɗauka irin mai injin 454 ɗin nan ce (lambar girman injin ce a ma'aunin inci) da kamfani ya rubuta mata ƙarfin doki 450, waccan kuɗinta sai manya. Amma jikinsu ɗaya, kuma zamaninsu ɗaya, wato ƙarshen lokacin da Amurkawa ke cusa ƙaton injin V8 a matsakaiciyar mota tun daga Pontiac GTO ta 1964, kafin dokar hayaƙi da tsadar inshora da matsalar fetur ta 1973 su kashe kasuwar. Ni kuma a Kaduna na taso, ƙanin babana bakanike ne na Fijo 504, duk hutun makaranta ina garejinsa ina miƙa sufana ina wanke kafireta da fetur, saboda haka kwantak da fulogi da saita silo ba baƙi bane a wajena. Abin da ban sani ba shine motar Amurka ta wancan lokacin komai nata da inci ake aunawa. Sufana 13 tana ɗan shiga notin rabin inci amma da wasa a ciki, ka matsa da ƙarfi ta cinye maka kan noti, 14 kuma ba za ta hau 9/16 ba sam. Satin farko na gane dole in sayi sufanu na inci.

Littafin da na fara saye Haynes ne, don shi ne za ka gani a shagon sifiya-fat. Kamfanin Ingila ne, kuma salonsu shine su kwance mota gaba ɗaya su ɗauki hoto su mayar, to wannan hoton shi ne amfaninsa, kana ganin hannun mutum riƙe da abin da kai ma kake riƙe da shi. Turancinsa mai sauƙi ne, yana gaya maka yadda za ka yi aiki da kayan da kake da su a gida. Sai dai ka sani littafi ɗaya ne ya haɗa Chevelle da Malibu da El Camino daga 1969 har 1987, shekara kusan ashirin, daga zamanin kwantak har zamanin da kwamfuta ta fara shiga kafireta, don haka dole ya taƙaita. Canjin baƙin mai, birki, famfon ruwa, fanbel, duk ya isar. Wanda bai taɓa riƙe sufana ba ya fara da shi, ban yi nadamar kuɗina ba.

Wanda ya canza min komai shine littafin kamfani, Chevrolet Chassis Service Manual na 1970, wanda aka rubuta wa makanikan dila a shekarar da motar ta fito. Wani dattijo maƙwabcina da ya yi ritaya daga masana'antar mota ne ya leƙo gareji wata ranar Asabar ya ga ina juya shafi ina tsaki, yace min yaro nemi na shekararta, kar ka nemi na danginta. Sabon bugu na samu, dala talatin da wani abu, na asali ma ana samu a kasuwar tsofaffin kayan mota amma takardar ta yi rauni. Ba hoto sosai, yawanci zane ne, kuma ba ya lallashinka, ya ɗauka kai ƙwararre ne, zai ce maka ɗauki kayan aiki lamba J kaza ka ciro abu kaza alhali kai ba ka taɓa ganin wannan J ɗin ba, sai ka nemi dabara. Amma lambobinsa wallahi ba wasa. Jerin tashin wuta 1-8-4-3-6-5-7-2, distiribito na juyawa kamar hannun agogo, tazarar kwantak sabo 0.019 na inci, bakin fulogi 0.035. Notin tof silinda guda 17 kowane gefe, da zanen wanda za ka fara ɗaurewa daga tsakiya kana zagayawa waje, ƙarfin ɗauri 65 a ma'aunin fam-ƙafa, kusan 88 kenan a ma'aunin Nm. Baffana Allah ya jiƙansa da hannu yake jin ɗauri kuma bai cika kuskure ba don 504 ya yi shekara talatin yana taɓawa, ni kuwa ban da wannan shekarun a kan V8, lambar ce ta tsaya min a madadinsu. Kuma notin nan suna ratsawa har cikin hanyar ruwan inji, in ba ka shafa musu abin toshe zare ba ruwa zai riƙa tsattsafowa ta nan.

Ga abin da ya sa nake cewa littafin kamfani shi kaɗai ma bai isa ba. Motar tana tashi lafiya da kik ɗaya, amma da ta yi zafi na taka totur a babban titi sai ta riƙa shiƙa tana yanke wuta kamar mai tari. Na wanke kafireta sau biyu, na canza matatar mai, na canza fulogi, shiru. Sai nace bari in bi littafi in saita kwantak. Na buɗe bonet da ɗan ma'aunin tazara a hannu, na duba bayan inji, sai naga murfin distiribito ƙato ne kamar kwanon sha, kwayil ɗin ma a cikin murfin yake, babu 'yar tagar nan ta ƙarfe da littafin ya zana wadda ake ɗagawa a saita kwantak. Na cire murfin, ba kwantak ko ɗaya. Ashe wani daga cikin waɗanda suka riƙe motar kafin ni ya sa mata HEI, wato distiribiton lantarki da GM ta mayar na kowa da kowa a 1975, shekara biyar bayan an buga littafina. Littafin 1970 bai san da shi ba, ina zai sani.

A nan littafi na uku ya shigo, irin waɗanda ake rubutawa musamman don masu gyara ƙaramin V8 na Chevrolet da ƙara masa ƙarfi. A ciki na karanta cewa HEI cikakkiyar wutar batir yake so, wato bolt 12. Na dawo zanen waya na littafin kamfani na bi layin da ɗan yatsa daga akwatin fis da ke jikin bangon inji har zuwa kwayil, sai ga shi a rubuce ƙarara wayar nan mai rage wuta ce, da gangan aka yi ta haka don kar kwantak ya ƙone, sannan akwai wata waya ruwan ɗorawa daga kik da ke ba da cikakkiyar wuta lokacin tayarwa kawai. Kaga dalilin da yasa take tashi garau amma ta kasa a kan hanya. Na sa mita inji na aiki, wajen bolt 9 na gani. Mutumin ya sa sabon distiribito ya bar tsohuwar waya. Na ja sabuwar waya mai kauri daga inda makulli ke ba da wuta, na buɗe bakin fulogi zuwa 0.045, na fita titin Woodward na yankin Ditroit da daddare na taka ta, wallahi sai da na ji ƙwalla don wata huɗu ina fama da abin nan. Littafi ɗaya ya faɗa min yadda motar ta fito daga masana'anta, ɗayan ya faɗa min abin da aka sa mata daga baya, ba wanda zai iya shi kaɗai. Wani abokina ɗan Maraɗi da na ba labarin a waya yace ai dalko ne, haka suke kiran distiribito a can, kuma sunan daga Delco ya samo asali, kamfanin GM ɗin da ya ƙera na motar tawa.

Daga ranar na daina yarda da takardar mota, na koma karanta ƙarfe. Lambar bodi ta fara da 13637, wato Malibu mai V8 mai ƙofa biyu, amma lambar 1970 ba ta faɗin wane V8 ne, ba ta ma faɗin ko SS ce, shi yasa ake yawan yi wa mutane kwaskwarima a manna tambarin SS a ninka kuɗi. Na goge bayan inji ta gefen direba da buroshin ƙarfe na haska fitila, 3970010, bulo ɗin da aka fi sani da 350, alhali wanda ya sayar min 307 ya ce. Bai yi ƙarya da gangan ba ina ga, shi ma haka aka gaya masa. Da na sayo ringi da fistin na 307 da asara ta hau ni. Duk wanda zai sayi irin motar nan ya nemi ɗan littafin fassara lambobi ya sa a aljihu kafin ya je ganin mota, ba bayan ya biya ba.

Akwai kuma Fisher Body Service Manual, shi na jiki ne zalla, ƙofa, gilashi, kujera, rufi, inda ruwa ke bi ya shiga but. Kusan duk motocin GM na shekarar ya haɗa, sai ka nemo sashen A wanda Chevelle ke ciki. Gilashin ƙofar motar nan ba shi da firam, in bai zauna daidai ba iska za ta yi ta fito a kunnenka, littafin ya nuna kowane noti na saiti da abin da yake motsawa, yamma ɗaya na gama abin da na yi sati ina lalube. In aikinka inji ne kawai ka jinkirta shi, in za ka taɓa bodi kar ka fara babu shi, balle nan da gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara ya cinye ƙasan kowace tsohuwar mota.

Wanda ya ɓata min rai shine littafin haɗa mota, wato zanen da ma'aikatan masana'anta ke bi suna harhaɗa ta. Shi kansa littafin zinari ne, yana nuna ta inda bututun birki ke bi, wane kilif ne ke riƙe wace waya, lambar kowane ƙaramin noti. Amma na farko da na yi oda wajen wani mai sayarwa a intanet hoton kwafi ne na wani hoton kwafin, 3 da 8 ba ka bambance su, wasu shafukan an yanke gefensu inda lambobin suke. Na mayar masa, sai da muka yi sati biyu muna musayar saƙo kafin ya dawo min da kuɗina. Dan Allah kafin ka biya kace a turo maka hoton shafi ɗaya na ciki, ba bango ba. Kuma ka nemi mai ramuka da ake sawa a fayil, ka ciri shafin da kake buƙata ka sa a leda ka manna a jikin mota, hannunka duk giris ba ka ɓata sauran ba. Ko mai kyaun ma ba littafin karatu bane, babu bayani, zane ne da lamba, sai ka saba.

Wani abu da nake so masu sabon shiga su riƙe da kyau, littafin 1970 yana magana ne da duniyar 1970. Man da ya ce ka sha mai dalma ne, an hana sayar da shi wa motocin titi a Amurka tun 1996, na yanzu kuma yawanci da kashi 10 na etanol wanda ke cin tsohuwar roba, na canza duk tiyon mai saboda haka. Baƙin man zamani an rage masa sinadarin zink da kamshaf ɗin tsohon inji ke dogaro da shi, sai ka nemi wanda aka yi don tsofaffin motoci, wannan littafin kamfani ba zai gaya maka ba. Saitin ƙafar gaba da ya bayar na tayar wancan zamanin ne, da tayar radiyal ta yanzu sitiyari sai ya yi ta yawo in ba a ƙara kasta ba, wato saitin da ke sa sitiyari ya riƙe hanya sak. Iskar AC ɗinsa R-12 ce, sakinta a sarari laifi ne yanzu a ƙasar nan. Ƙurar tsohon birki kuma kar ka busa ta da iska, takalman birkin da na iya ɗauke da asbestos, ka jiƙa ka goge, ka rufe hanci, wannan maganar huhunka ce.

Littafan ƙara ƙarfi su ma ka karanta da hankalinka, wasu rabin shafukan hoton kayan sayarwa ne masu ƙyalli, kuma marubutan masu tsere ne, suna ba ka shawarar babban kam da babbar kafireta da in ka bi motar ba za ta yi silo a danja ba. Ni ban canza kafiretata ba, Quadrajet ce, ƙananan maƙogwaronta biyu na gaba suna tsimin mai, manyan na baya sai ka taka suke buɗewa. Babin da na fi amfana da shi na birki ne, na cire ganga a gaba na sa faifai, ya bayyana dalilin da yasa dole a canza masta, wato famfon man birki, da bawul ɗin raba matsi, ba faifan kawai ba.

Yanzu babin giyabos nake karantawa, ina so in cire TH350 mai giya uku in sa 200-4R mai giya ta huɗu don inji ya huta a doguwar tafiya, kuma na karanta wajen saita wayar TV ɗinsa, wato wayar da ke haɗa giyabos da totur, sau uku saboda in ta yi sako-sako giyar ƙonewa take cikin 'yan kilomita. Ina fatan in gama kafin Asabar ta uku ta watan Agusta, ranar da ake cika titin Woodward da tsofaffin motoci, insha Allah. Duk wanda ya taɓa yin wannan canjin a Chevelle ya gaya min yadda ya yi da ƙarfen da ke riƙe giyabos ta ƙasa.